Busasshiyar Shinkafar Injiniya

A layin gidan burodi, gida na uku in an wuce shagon tela, an yi wani mai gyaran fanka da dutsen guga wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ba wanda ya ba shi sunan nan. Shi da kansa ya samo fenti da falankin katako, ya rubuta da manyan baƙaƙe INJINIYA: BABU ABIN DA YA GAGARA, ya buga a ƙofar ɗakin bayan gidansa, wanda ke buɗewa ta kan layi. A ɗakin nan yake aiki, a nan yake tara masu sauraronsa, a nan kuma yake ɓuya duk sa'ad da aikin gida ya taso. Da za a ce ya zaɓa tsakanin ɗakin da haƙoransa na gaba, da tuni yana yawo da giɓi.

Gyaran fanka kam ya iya, kada a zalunce shi. Ciwonsa ɗaya ne: ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya ce bai sani ba. Mutum kuwa in bakinsa ya kasa furta "ban sani ba", kayan jama'a ne ke shan wahala.

Kayan matarsa suka fi sha. Ita ce layin ke kira Mai Kaji, don kiwon kaji ne sana'arta. Injin markaɗenta ya gyara, tun ranar ba ya markaɗa tumatir sai dai ya watsa shi a silin. Agogon bangonta ya gyara, yanzu sau uku yake buga sha biyu a wuni. Ga shi kuma ta daɗe tana hararar ɗakin bayan nan, don lungun da take rainon 'yan tsaki a gefen kicin ya yi mata kaɗan.

Wata Talata da safe aka aiko mata ƙanwarta ba lafiya, dole ta je ta yi jinya kwana huɗu. Ta riga ta ɗauki jaka, sai ta tsaya a bakin kicin, gaban injinta na ƙyanƙyasa. Farin akwati ne mai gilashi a gaba, hawa biyu. Ƙwai arba'in da takwas na jere a hawan ƙasa, na sama kuwa babu komai sai farantin raga.

"Maigida, zo ka ji da kunnenka," in ji ta. "Yau kwanansu goma sha bakwai, ranar Asabar za su fito. Daga yau ba a buɗe shi. Aikinka ɗaya ne. Ka ga ɗan bututun nan na gefe? Kofi ɗaya na ruwa da safe, ɗaya da yamma, don kada cikin ya bushe."

"Ni za a koya wa inji?"

"Kai ɗin fa. In na dawo na tarar ka buɗe shi, ko da leƙe ne, wallahi ɗakinka na baya ya zama na kaji."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Na yarda. In na buɗe, ki kwashe ɗakin har da allon."

Mai Kaji ta ɗaga murya ta kan katanga. "Gwaggo, kin dai ji ko?"

Gwaggo ita ce tsohuwar da ke da gidan burodin, katanga ɗaya ta raba su, kuma kunnenta bai tsufa ba. "Na ji," in ji ta. "Har da allon. In an tambaye ni zan maimaita."

Da yamma Injiniya ya tafi shagon tela, inda yake zaman hira da abokansa uku: Tela mai shagon, da Direba mai motar kai kaya, da wani tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya amma har yau ana kiransa Hedimasta. Tun da likita ya tsoratar da su da hawan jini suka ƙirƙiro wa kansu tattaki. Duk bayan 'yan watanni Direba ya kai su ƙarshen titi, su goya jakunkuna su hau duwatsu da ƙafa, su kafa tanti, su yi kwana uku su dawo. Asabar mai zuwa ce tafiyar.

"Ni dai na faɗa muku," in ji Direba, "ba zan sake goya buhun shinkafa da ƙatuwar tukunya ba. Wancan karon sati biyu na yi ina tuƙi a karkace."

"Akwai dabara," in ji Hedimasta. "Wani da ya saba irin tafiyar nan ya ce min dafa shinkafar ake yi a gida, a busar da ita ƙayau. Ba ta da nauyi ko kaɗan. In an je can, ruwan zafi kawai za a zuba a rufe, minti goma sha biyar ta dawo kamar yanzu aka sauke. Ina ganin mu roƙi Gwaggo ta yi mana a tanderunta."

"Gwaggo?" Injiniya ya miƙe tsaye. "Ana maganar zafi da iska, ga ni a zaune, ku tafi wurin mai kwaɓa fulawa? Ranka ya daɗe, wannan aikin tun ina saurayi na gama da shi. Abincin mutum huɗu na kwana uku, a aljihun wando zan kawo muku shi."

Tela bai ɗaga kai daga kan keke ba. "Faɗa min wane aljihun, in ƙara masa yadi tun yanzu."

"Ka yi ta ɗinkinka. Ranar Asabar za ka roƙe ni ƙari."

Hedimasta ya dube shi ta saman tabarau. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana jin ɗalibai na rantsuwa sun yi aikin gida. Ya jawo buhun shinkafar tafiyar, ya auna wa Injiniya kwano biyu, ya ɗaure bakin buhun da sauran, ya tura ƙarƙashin benci.

Laraba da safe Injiniya ya zuba wa injin ƙyanƙyasa kofinsa na ruwa, ya ɗora tukunya. Ya dafa kwano ɗaya, ya kwarara mata mai har tana ƙyalli, don a cewarsa shinkafar da babu mai a cikinta horo ce, ba abinci ba. Ya juye ta a babban tire, ya ɗora kan tebur a tsakar gida, ya jawo wata fanka mai tsaye da ya sake wa naɗi da hannunsa. Fankar nan ba ta san lamba ɗaya ko biyu ba. Daga kashe sai guguwa.

Ya danna.

Kafin ya ɗauke yatsa, tiren ya koma fes kamar an wanke. Shinkafa ta tashi sama ta tsallake katanga. Wadda ba ta tsallake ba ta manne a igiyar shanya, da jikin taga, da gashin bakinsa. Tantabarun unguwa suka sauko kamar an aika musu takarda.

"Kai Injiniya!" Kan Gwaggo ya bayyana a saman katanga, ƙwayoyin shinkafa jere a ɗankwalinta. "Ruwan shinkafa ake yi a gidanku? Ta shiga min kwaɓi, ta shiga min kunne!"

"Gwaji ne, Gwaggo. Na auna ƙarfin iska, na samu abin da nake nema."

Ta ciro ƙwaya ɗaya ta murza a yatsa. "Mai ka sa?"

"Kaɗan."

"To buɗe kunnenka, sau ɗaya zan faɗa. Shinkafar busarwa ba a sa mata mai, ko ɗigo. Mai ba ya bushewa, wari yake yi. Da ka sauke ta ka baza nan take, siriri, ƙwaya kusa da ƙwaya ba ƙwaya bisa ƙwaya ba. Ka ba ta zafi na kirki, ka ba tururi hanyar fita. Sai ka ji ta ƙaras a haƙori kamar tsakuwa, ta huce, sannan ka zuba a kwalba ka rufe. Dafaffiyar shinkafa in ta wuni ta kwana cikin ɗumi da laima, guba ce, ko ka sake tafasa ta ba ta tuba. Kawo in sa maka a tanderu bayan na kwashe burodi, in bar ƙofar a ɗan buɗe."

"Gwaggo, wannan aikin kimiyya ne."

"To kimiyya, ɗauko tsintsiya ka zagayo."

Ya share mata tsakar gida yana gunaguni. Duk dogon bayanin nan, kalma biyu kaɗai suka sami wurin zama a kansa, zafi da iska. Sauran sun bi tantabaru.

Iska ta ci amanarsa, sai ya koma ga zafi. Da rana ya kwashe 'yar wadda ta rage a gindin tukunya ya kai ɗakin aikinsa. Ya shimfiɗa jarida, ya zuba shinkafa, ya rufe da wata jaridar, ya ɗora dutsen guga ya danna da ƙarfinsa duka. Yana cikin haka Tela da Direba suka leƙo.

"Mun zo ganin aljihu," in ji Tela.

"Kun zo a daidai." Injiniya ya ɗaga dutsen. Rabin abin ya biyo shi yana hayaƙi. Ɗaya rabin ya zama wani faifai mai tauri a waje, danƙo a ciki, rubutun jarida ya hau jikinsa raɗau.

Tela ya ɗaga faifan ya kai wajen haske. "Wannan ci za mu yi ko karantawa?"

"Duka biyun. A daji ina za ka sami labarai?"

Direba bai yi dariya ba. Ya ƙura wa dutsen ido. "Tsaya. Wannan ba dutsen gugar gidana ba ne? Wata biyu kana ce min ba a sami kayan gyara ba."

"An samu jiya. Gwada maka shi nake yi."

"Da shinkafa?"

"In ya iya da shinkafa, rigarka wasa ce."

Direba ya fizge dutsensa ya fita yana kankare gindin da makullin mota. Tela ya tafi da faifan, ya rataye a shagonsa kusa da madubi, duk wanda ya shigo gwajin kaya sai an nuna masa.

Alhamis da safe saura kwano ɗaya, saura kwana biyu. Ya dafa shi duka. Wannan karon ya rage yawan man, ya ce ya yi wa Gwaggo biyayya rabi, ai ta gode. Tukunyar na gefe tana tururi, shi kuma ya ɗebo kofin ruwa ya durƙusa gaban injin ƙyanƙyasa. Sai ya tsaya da kofin a hannu.

Ya dafa gilashin, ɗumi. Ya leƙa ciki, ga 'yar fanka a sama tana juyawa a hankali, ba hauka irin na tasa. Ga farantin raga a hawan sama, zaune ba aikin fari ba na baƙi.

"Zafi," in ji shi a hankali. "Iska."

Ɗakin baya ya faɗo masa a rai, da allonsa, da kujerarsa mai hannu ɗaya. Ya ja da baya. Ya sake matsowa. Mai son ɓarna ba ya rasa hujja, shi kuwa nan take ya ƙera tasa. Me ya sa ta ce kada a buɗe? Don kada ƙwai su ji sanyi. To shi shinkafa mai zafi zai sa. Ashe ƙarin ɗumi zai kawo musu. Taimako ne ma, in an duba da idon basira. Kuma kafin ta dawo ya kwashe, ya goge, wa ya gani?

Ya buɗe. Ya jibga shinkafar nan a kan raga, kauri kamar katifa, ya daddanna da bayan cokali don ta shige duka, ya rufe. Sa'an nan, da yake shi mutum ne mai cika alkawari, ya ɗauki kofin ruwan ya tsiyaye shi tas a cikin bututu, don kada cikin ya bushe.

Haka ya yi ta yi. Da safe kofi, da yamma kofi, bai taɓa fashi ba. Yana shanya da hannun dama yana ban ruwa da na hagu, kuma ko sau ɗaya hannuwan biyu ba su tambayi juna ba. A ranar kaɗai sau biyar ya buɗe injin yana juya shinkafar da sukundireba, ƙofa a wangale, ƙwai na shan iskar kicin. Da ya ga gilashin ya yi gumi, shinkafar ta ƙara laushi, sai ya tafa hannu.

"Ruwan cikinta ne ke fitowa. Aiki ya kankama."

Juma'a da hantsi wari ya fara zagaya gidan, da azahar ya fita layi. Direba da ya zo wucewa ya tsayar da mota ya toshe hanci.

"Injiniya, ɓera ya mutu muku a silin ne?"

"Ƙamshin aiki ne. Wanda bai saba ba haka yake ji."

Gwaggo ma ta leƙo ta katanga ta shaƙa sau biyu. "Ina ka kai shinkafar mutane?"

"Sirrin sana'a ne, Gwaggo."

Ta dube shi, ta dubi tagar kicin, ta sake dubansa. "Ni dai shaida aka sa ni," in ji ta, ta sauka.

Kafin rana ta faɗi ya kwashe. Shinkafar ta yi yauƙi, tana bin cokali da zare-zare. Ya ce sauran bushewar a leda za ta ƙarasa. Ya raba ta leda huɗu, kowa da tasa, ya ɗaure bakin kowace tamau da wayar lantarki, ya jera su a ɗakin aikinsa da ya wuni yana shan rana. Da ya dawo goge injin, sai ya ga wata ta zubo ta ragar ta sauka kan ƙwai, wasu ƙwan kuma har sun fara tsagewa. Ya miƙa hannu, ya ji wani abu ya yi "tsiyo" daga cikin ɓawo, ya janye da sauri ya rufe.

"'Yan ƙwayoyi ne," in ji shi. "Wa zai lura?" Ya zuba kofin yamma.

Asabar da sassafe ya buɗe ɗakin aiki ya tsaya baki buɗe. Ledojin nan huɗu sun kumbura sun yi tim kamar balan-balan. Wani mai hankali da ya ga haka sai ya nemi rami. Shi kuwa murna ta kama shi. Ya ga saura a jikin cokalin jiya, ya ce mai girki shi ke fara ɗanɗanawa, ya lashe. Tsami ya hau masa har ƙwaƙwalwa, idonsa ya kawo ruwa. Ba kowa a wurin, da ya tofar ba mai sani. Amma girman kai ko shi kaɗai ne ba ya barinsa. Ya haɗiye.

Ƙarfe takwas motar Direba ta tsaya a ƙofar gida. Hedimasta da Tela suka fito da jakunkunan goyo da sanduna. Lokacin ne kuma layin masu sayen burodi ya fi tsawo, mata da maza har bakin shagon tela, kuma ba wanda bai ga faifan da ke rataye kusa da madubi ba. Duk suka juyo.

Injiniya ya fito rungume da ledoji, ya jera su a kan motar, ya gyara murya.

"Jama'a, ku shaida. An ce ba za a iya ba. An ce sai tanderu. To ga shinkafar da ta bushe har ta koma iska. Ku dubi yadda take neman tashi sama!"

Hedimasta ya ɗaga leda ɗaya ya jijjiga a hannu. "Ta fi ɗanyar da na ba ka nauyi."

"Nauyin inganci ne, ranka ya daɗe."

"Ina aljihun?" in ji Tela.

"Aljihun kwatance ne. Kai komai sai an auna maka da tef?"

"Me ke motsi a ciki?" in ji Direba.

"Ba motsi ba ne, numfashi take yi."

Tela, kamar kowane tela, ba ya rabo da allura a wuyan riga. Ya zare ta. "Bari in taimaka mata ta numfasa da kyau."

"Kada ka..."

Fus! Ledar ta fashe. Wani ruwa mai yauƙi ya fesa a gilashin motar, da rigar Direba, da tabarau ɗin Hedimasta. Warin da ya biyo baya ya ratsa layin burodi kamar an saki kare. Mata suka ja mayafi suka toshe hanci, wani dattijo ya bar takalminsa ɗaya, mai shayin da ya zo ɗaukar burodi ya tsallake kwata yana salati.

"Farkon buɗewa ne!" Injiniya ya ɗaga murya. "Haka take yi! Ku tsaya ku gani!" Ya sa hannu a cikin ledar ya dumbuzo, ya nufi baki.

Bai kai ba. Dogon katakon da Gwaggo ke zaro burodi da shi ya sauka a wuyan hannunsa, tas.

"Ajiye! Mutuwa kake nema a ƙofar gidana, a hana ni ciniki?"

"Haba Gwaggo! Ai tun da sassafe na ci. Ga ni garau!"

Yana rufe baki cikinsa ya ba da amsa, da wata ƙara da har na bayan layi suka ji. Fuskarsa ta yi fari-fari, gumi ya keto masa. Ya dafe baki da hannu biyu ya juya da gudu, a bakin ƙofa ya yi karo da Mai Kaji, jaka a hannu. Mai kiwo ba ta manta ranar ƙyanƙyasa, motar farko ta biyo.

"Warin me nake ji tun daga kwana?" Ta tare hanya. "Maigida, dube ni. Ka buɗe?"

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya bi ta ƙarƙashin hannunta ya faɗa banɗaki. Abin da aka ji daga can ba na faɗa ba ne.

Ita ta wuce kicin. Jama'a, da suka gudu saboda wari, suka dawo saboda labari. Ba a jima ba Injiniya ya fito yana bin bango, ya zauna a dakali. Sai ga Mai Kaji, tafin hannunta a rufe. Ta tsaya a gabansa, a gaban kowa, ta buɗe. Ɗan tsako ne, gashinsa bai gama bushewa ba, ga ƙwayoyin dafaffiyar shinkafa uku manne a tsakar kansa.

"Ka ce ba ka buɗe ba."

"Ban buɗe ba."

"To yaya aka yi wanda bai taɓa ganin duniya ba ya fito da shinkafa a ka?"

Injiniya ya dubi ɗan tsakon, ɗan tsakon ya dube shi. "Gado ne," in ji shi da 'yar muryar da ta rage masa. "Me kike ba iyayensu?"

Layin ya fashe da dariya, Tela har da zama a ƙasa. Mai Kaji kaɗai ba ta yi ba.

"Ashirin da tara suka fito," in ji ta. "Goma sha tara sun mutu a cikin ɓawo. Sati uku ina tashi ina duba su." Dariyar ta lafa. Ta juya. "Gwaggo, an tambaye ki."

Gwaggo ta dogara katakonta a ƙasa. "Ya ce in ya buɗe, ki kwashe ɗakin har da allon."

"Yanzu mu kuma fa?" in ji Direba yana goge riga. "Duwatsun za mu ci?"

Hedimasta ya gama goge tabarau ya mayar. "Gwaggo, a kawo saƙona."

Ta shiga ta fito da kwalabe biyu masu murfi. Ta jijjiga ɗaya, ta yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Sauran buhun nan ne da aka tura ƙarƙashin benci, Hedimasta ya kai mata ta busar a tanderu. Direba ya karɓa ya auna a hannu, ya dubi kwalbar, ya taɓa bayansa, ya ce a bar masa duka biyun zai goya. Gwaggo ta zuba kaɗan a kwano, ta kwarara tafasasshen ruwa daga filas, ta rufe da faranti.

"Minti goma sha biyar," in ji ta.

"Ya ishe mu," in ji Mai Kaji. "Ga maza uku masu neman motsa jini, ga ɗaki na neman kwashewa."

Likita bai taɓa samun masu biyayya irin na ranar ba. Fankoki, da wayoyi, da matattun duwatsun guga, da kujera mai hannu ɗaya, duk suka fito suka koma ƙarƙashin rumfar bayan gida, kusa da igiyar shanya. Mutum biyu daga layin burodi suka gane kayansu da suka daɗe da fid da rai, suka ɗauke abinsu. Injiniya na zaune a dakali riƙe da ciki, yana ba da umarnin da ba mai ji.

Da aka ɗaga farantin, shinkafa ta tashi fara sol, wara-wara, tana tururi. Hedimasta ya ɗanɗana ya gyaɗa kai. Tela ya ƙara cokali biyu. Injiniya ya miƙa wuya ya leƙa.

"Ba laifi," in ji shi. "Amma da an ɗan sa mata mai..."

Gwaggo ta ɗaga katako. Ya janye wuyansa.

Mutum uku suka shiga mota. Na huɗun ya yi kwana biyu yana tattakinsa tsakanin gado da banɗaki, Mai Kaji na dama masa ruwan gishiri da sukari tana miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ran na uku ya sami ƙarfin ɗaukar guduma, ya lallaɓa zai cire allonsa. Ya tarar da ita a bakin ƙofar, tana zuba wa 'yan tsaki abinci a inda teburinsa yake da.

"Ina za ka da guduma?"

"Allona."

"Har da allon ka ce."

Allon na nan har yau, fentinsa bai ko dushe ba. Baƙon da bai san layin ba, in ya zo da matacciyar fanka a kafaɗa, yakan karanta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Salamu alaikum, Injiniya na ciki?"

Sai Mai Kaji ta leƙo da kwanon dusa a hannu. "Suna ciki, su ashirin da tara. In kuwa mai gyaran fanka kake nema, zaga baya, yana ƙarƙashin rumfa."